Kwana Ɗaya a Ifran Cikin Takaba

Maigidana Si Allal ya rasu lokacin tsinkar zaitun. Shi ne mai tanderun unguwarmu a Maknas, inda kowane gida ke aika kwaɓin burodinsa a gasa masa. A bakin tanderun ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A ranar mata suka sa mini farare, jallabiya da ɗankwali da safa har da takalmi. Haka mai takaba take a wurinmu har wata huɗu da kwana goma. Da rana tana iya fita idan da dalili, amma kwana sai a gidan mijinta. Wannan ne haƙƙinsa na ƙarshe da ya rage a kaina, na kuwa riƙe shi da hannu biyu. Ko gidan 'yata Nazha da ke bayan layinmu ban yarda na kwana ba, ita ce take zuwa wurina.

Ana tsakiyar sanyi aka ba yara hutun makaranta. Wani yammaci Nazha ta shigo da mijinta Tuhami da 'yarsu Wi'am, suka zauna suna kallon juna. Na san da magana.

"Inna, gobe za mu Ifran ganin ƙanƙara, kuma da ke za mu," in ji Nazha.

"Da ni? Kin manta abin da ke jikina?"

"Ban manta ba. Likita ma cewa ya yi ki riƙa shan iska, zaman ɗakin nan shi ke tayar miki da hawan jini. Da safe za mu tafi, kafin la'asar kina ɗakinki. In ba ki je ba ni ma ba zan je ba, kin ga shi ke nan yarinya ta ƙare hutu a tsakar gida."

Tuhami ya ce, "Lalla Zuhur, ni ne fa direban. Idan rana ta faɗi ba ki gida, ki sa a aske mini gashin baki a bakin kasuwa."

"Da ka huta, mu ma mun huta da ganinsa," in ji matarsa.

Wi'am ta zo ta kwanta a jikina. "Ni na san abin da Kaka ke tsoro. Kada ta ɓace mana ne, fari a cikin fari."

"Ke dai bakinki na kakanki ne sak."

Da na faɗi haka sai alkawarinsa ya faɗo mini. Yarinyar nan shekara nawa kakanta yana ce mata baɗi zai kai ta ta ga zakin dutse na Ifran, amma tanderu ba ya hutu, ko ranar salla sai an gasa. Na dubi Tuhami na ce, "Kafin la'asar." Ya ce, "Kafin la'asar."

Mun tashi bayan an karya. Rana tana nan sarai, sama ba ko gajimare. Da muka wuce garin Alhajib hanya ta fara hawa, kunnena ya toshe, sai ga fari a gefen titi, tun yana kamar garin da aka zubar har ya rufe ko'ina. Wi'am ta manna hanci a gilashi. Ni ina riƙe da makullin gida a aljihu.

Garin Ifran ya cika maƙil. Duk wanda ke da mota daga Fas da Maknas da Ribaɗ ya kwaso iyalinsa ya hawo. Jajayen rufin gidajen nan masu tsini sun ɗauki ƙanƙara, hayaƙi na tashi daga kowanne. Da ƙyar muka sami wurin ajiye mota. Da na sa ƙafa a ƙasa na dubi jallabiyata, sai na ga ashe ba fara ba ce. Kullum ina wanke ta da hannuna, ina ganin ba abin da ya kai ta haske, amma kusa da ƙanƙarar nan ta zama ruwan madara da ta kwana. Na ji kunya, ban san ta wa ba.

A wurin zakin dutsen layi ne dogo na masu ɗaukar hoto. Na ce su je, ni zan riƙe jakunkuna. Wi'am ta hau ƙafar zakin ta rungume wuyansa, ubanta yana ta tsugunawa yana miƙewa da waya. Ta ɗaga mini hannu, ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai ta fasa. Na san wanda take so ta ce da yana nan.

Duk inda na bi mutane suna matsa mini. Wani tsoho ya cire hannu daga aljihu ya ɗora a ƙirji ya ce, "Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri." Wata mata da goyo ta sumbaci kaina ba ta san ni ba. Mai sayar da dodon koɗi ya zuba mini romon a kofi ya miƙo, ya ce in ɗumama ciki, ya ƙi karɓar komai. Tun da na sa fararen nan haka ake yi mini. Wanda bai taɓa ganin Si Allal ba ma sai ya yi masa addu'a, domin yana ganinsa a jikina.

Muka zaga lambun, muka ga tafkin da bakinsa ya daskare, agwagi suna zamewa a kai. Muka ci abin da Nazha ta ƙunso, ƙwai da zaitun da burodi, da shayi a fulas. Burodin na sabon mai tanderu ne, gefensa ya ƙone. Na ci kaɗan. Bayan azahar na ce, "To, an ga zaki."

Tuhami ya ce, "Saura birai, Lalla Zuhur. Nan kusa ne, cikin daji. A zo Ifran ba a ga birai ba, ai an yi asarar mai."

Muka je. Itatuwan dajin nan in ka ɗaga kai ɗankwali sai ya zame. Birai suna zaune a gefen hanya suna jiran gyaɗa kamar masu jiran mota. Wani babba mai furfura a haɓa ya fizge ledar daga hannun Tuhami ya haye reshe.

Nazha ta ce wa 'yarta, "Gaishe da kawun babanki. Kin ga kamannin?"

"Ai a danginku ya koyi ƙwace," in ji Tuhami.

A nan akwai masu ba da hayar dawaki da masu allunan sulu, yara su zauna a kai su gangaro daga tudu. Wi'am ta hau ta gangaro, ta sake, ta sake. Tuhami kuwa ya tsaya a gaban mota yana tara ƙanƙara a kan murfin inji, yana gina mutum. Kowa haka yake yi, a ɗora shi a kan mota a sauko da shi gari, 'yan unguwa su san an je. Ya sa masa idanu da zaitun, ya ɗaura masa tsohon gyale.

Ni ce na fara lura da cewa rana ta ɓuya. Sama ta yi kalar toka, ta sauko ƙasa-ƙasa har kan itatuwan ya ɓace. Wani mai doki, mutumin wurin, yana kwance sirdi da sauri. Ya dubi lambar motarmu, ya dube ni, sannan ya ce wa Tuhami, "Maknas za ku? Ku kama hanya yanzu."

"Yanzun nan, ɗan'uwa. Hanci kawai zan sa masa."

"Ka bar shi ba hanci."

Sai ƙanƙara ta fara sauka. Ban taɓa ganin tana zubowa daga sama ba, a ƙasa kawai nake ganinta. Kamar ana saɓar auduga, ba ƙara ba motsi. Mutanenmu da suka hawo daga ƙasa suka ɗauki sowa, wata mata har da guɗa, kowa ya fito da waya ya ɗaga fuska sama ya buɗe baki. Masu alluna da masu dawaki kuwa suna ta haɗa kayansu, ba wanda ya ɗaga kai a cikinsu. Nazha tana dariya, ƙanƙara a girarta. Rabon da in ga haƙoranta tun ranar da ubanta ya faɗi. Shi ya sa ban matsa musu ba. Da na ce mu tafi, duk sauran ma sun tuna da tafiya, motoci suka fito hanya a tare.

Daga dajin zuwa gari muka yi ta rarrafe. Tayoyi suna juyawa a wuri ɗaya, maza suna fita suna turi. Aka kira la'asar muna cikin mota. Tuhami ya daina ba'a. Ta madubi nake ganin idanunsa, in mun haɗa ido sai ya kawar.

A bakin gari, inda hanyar Alhajib ta fara, an sauke ƙarfen tare hanya. Jandarmomi suna tsaye, motoci sun yi layi a gabansu. Tuhami ya fita ya dawo, kansa fari fat.

"Sun ce sai gobe, sai motar share hanya ta wuce."

Na buɗe ƙofa na fita. Nazha tana kirana ban juya ba. Na ratsa tsakanin motoci har gaban wani jandarma, yaro ne sa'an Nazha. Yana cikin yi wa wani direba tsawa, da ya gan ni ya sauke murya.

"Allah Ya jiƙan mamaci, Inna."

"Amin. Ɗana, ka ga abin da ke jikina. Ba na kwana a waje. Ka ɗaga mana, mota ɗaya ce."

"Inna, wallahi da ta ɗagawa ce da na ɗaga. Bas ta gitta a gangare, ta tare hanya. Ko kun wuce nan, can za ku kwana a cikin mota, kuma da yarinya na ga kuke."

"To ni ka bar ni in wuce da ƙafa. In na kai Alhajib zan sami mota."

Ya dubi takalmana. Takalman zane ne, na takaba, tuni sun sha ruwa. Na sunkuya na bi ta ƙarƙashin ƙarfen. Ban yi nisa ba ƙafata ta nutse har ƙwauri, gabana kuwa ba hanya ba sama, duk abu ɗaya ne. Nazha ta cim mini ta rungume ni ta baya.

"Inna, don Allah. Na binne ɗaya, ya ishe ni."

Na tsaya. Ina jin makullin a aljihuna yana taɓa cinyata.

Akwai wata tsohuwa a gefen shingen tana sayar da dafaffen ƙwai da shayi a kan ɗan murhu, da jarfa a haɓarta irin ta matan kan duwatsu. Sunanta Ittu. Ta gama kallonmu tsaf, ta rufe tukunyarta ta ce, "Ke mai fari, zo nan. Otal duk sun cika, masallaci na maza ne. Ku biyo ni, kai kuma mai gashin baki ɗauki murhun nan, kada ka tsaya kamar an dasa ka."

Gidanta yana unguwar ma'aikata a bayan gari, inda masu yawon hutu ba sa zuwa. Ɗaki biyu ne da murhun ƙarfe a tsakiya, ana zuba masa itace. Ta cire mini takalma da safa da hannunta, ta sa ƙafafuna a ruwan ɗumi, tana ta faɗa.

"Ku mutanen ƙasa kun ba ni mamaki. Abin da ke kashe mana tumaki, ya rufe mana ƙofa, shi kuke ƙona mai ku zo kallo. Har ku ɗora shi a kan mota ku tafi da shi. Ku kwashe duka mana, wa ya hana ku?"

Tuhami ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Lalla Zuhur."

"Laifinka ne mana," in ji Ittu. "Je ka faso itace, yana bayan ɗaki."

Jallabiyata ta jiƙe har gwiwa. Ittu ta buɗe akwati ta fito da wata riga mai furanni ja. Na ce a'a. Ta fito da shuɗiya, na ce a'a. Ta riƙe ƙugu ta dube ni.

"Nawa mijin ya mutu tun wannan yarinyar ba a haife ta ba, na san abin. Amma in sanyi ya kashe ki, gawa ba ta takaba, 'yar'uwa. Tsaya."

Ta tono har ƙasan akwatin ta zaro wani farin bargon ulu, irin wanda ake lulluɓa wa amaryarsu, duk jikinsa 'yan ƙyalƙyali suna kacau-kacau. Ta juya shi ciki ya koma waje don kada ƙyallin ya fito, ta naɗe ni da shi, ta rataye jallabiyata a kan igiya kusa da murhu.

"Fari dai fari ne. Da shi aka kawo ni gidan nan, ban sake taɓa shi ba."

Muka yi magariba. Ta ba mu miyar wake mai zafi da man zaitun a kai. Na ce wa Nazha ba zan kwanta ba, zama zan yi da carbi har gari ya waye. Tunda ban kai jikina gidansa ba, aƙalla kada in miƙe ƙafa in yi barci a gidan wasu kamar wadda ta zo biki. Na jingina da bango, na fuskanci ƙofa. Itace yana ƙara a cikin murhu, Ittu tana koya wa Wi'am sunayen abubuwa da yarensu, yarinyar tana kwaɓawa suna dariya. Abin da na sani ke nan.

Da na buɗe ido rana ta shigo ta taga har kan bargon. An sa mini matashi. Carbin yana ƙasa. Asuba ta wuce ban ji ba. Tun da aka fitar da Si Allal daga gida ban taɓa yin barcin da ya wuce na tsuntsu ba, kullum ina juyi ina sauraren tarinsa a ɗakin da ba kowa. Ranar nan kuwa na yi barci kamar jaririya, ban yi mafarkinsa ba, ban farka na laluba gefena ba. Jikina ya yi sakayau. Na ja bargon na rufe fuska, na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza.

Ittu ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ajiye mini ruwan alwala da jallabiyata, ta bushe tana ƙamshin hayaƙi.

Wajen hantsi aka ɗaga ƙarfen, muka bi bayan motar share hanya a jere. Tuhami ya ture mutumin ƙanƙarar daga kan mota kafin mu tashi. Muka iso Maknas. Na buɗe gida. Komai yana inda na bar shi, jallabiyarsa a ƙusa, kofin shayina a kan tire. Na tsaya a tsakar ɗaki na ce, "Na dawo." Sai na ji muryata ta yi mini wani iri.

Bayan la'asar na sa Nazha ta raka ni gidan limamin unguwa, Si Madani. Abokin maigidana ne tun suna yara, shi ya yi masa salla. Matarsa ta shigar da mu, ya zauna daga bakin ƙofa. Na faɗa masa komai, har barcin.

"Yanzu sai in sake daga farko, ko?" na ce.

"Sake me, Lalla Zuhur?"

"Takabar. Tunda ta karye."

"Ba ta karye ba. Lalura ce, hanya aka rufe. Ki rama asubarki, ki ci gaba da lissafinki daga inda kike."

"Amma da ƙafata na fita, Malam. Ba wanda ya ɗaure ni. Yawon kallo na je."

"Da niyyar dawowa kika fita. Ba komai a kanki."

Nazha ta sauke ajiyar zuciya. "Kin ji ko, Inna? Alhamdu lillahi."

Na ce, "Ko rabi ba zan sake ba? Na ji ana cewa wadda ta kwana a waje tana ƙara kwana arba'in."

"Zancen mata ne a gidan wanka. Ba ya cikin littafi."

"To in ni na ga dama na ƙara fa?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Da ya yi magana muryarsa ta sauka.

"Allah Ya yanka miki iyaka, Zuhur. Ba a ragewa, ba a kuma ƙarawa. Ni ma kullum na wuce ta bakin tanderun nan sai na sauya hanya."

A hanyar komawa Nazha tana ta murna, tana cewa ta san dama ba komai. Ni kuwa tun daga gidan Ittu, a ƙarƙashin kukan nan, akwai wani ɗan abu da na riƙe. Na ɗauka za a ce mini in koma farko. Da an ce haka, da na sami wasu watanni ina matar Si Allal, ina tafiya a titi ana yi masa addu'a. Na je neman hukunci, aka sallame ni hannu wofi.

Kwanakin da suka rage suka zube da sauri. Sanyi ya sassauta, itatuwan lemo suka fara fure. Ranar fita takaba mata suka cika gidan tun da hantsi, maƙwabta da dangi. An dafa kaji, an kwaɓa lalle, an ajiye kwalli. Nazha ta ɗinko mini koriyar jallabiya, ta shimfiɗa ta a kan gado tana shafawa.

"Tashi, Lalla Zuhur, ruwa ya yi zafi," in ji wata maƙwabciyata. "Yau za mu fito da ke amarya, har tsofaffin unguwa su fara gyara rawani."

Aka yi dariya. Ba mugunta suke yi ba, haka ake yi wa kowa, ni ma na yi wa wasu.

Na ce su ba ni zuwa magariba. Suka dubi juna, Nazha ta ce a bar ni. Na shiga ɗakinsa na tura ƙofa, na zauna a gefen gado da farina, ina jin su a tsakar gida suna raba abinci da ƙaramar murya. Da Si Madani ya kira salla, na bari ya kai ƙarshe, sannan na kira Nazha ta shigo da koriyar.